Yadda Za a Koyi Cin Abinci Mai Kare Lafiya Daga Mutanen Kudancin Italiya

Idan aka ambaci abincin Italiya, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne fiza da narkakken cuku ya malale a kanta, ko tulin taliya da aka lulluɓe da niƙaƙƙen nama har ba a ganin ƙasan faranti. Wannan abincin gidajen sayar da abinci ne, kuma da yawansa an sauya masa kama ne a Amurka kafin ya bazu cikin duniya. Abincin da ya ja hankalin likitoci daban yake, domin shi ne wanda talakawan kudancin Italiya suke ci a gidajensu a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da nama ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan mutane.

A farkon shekarun 1950 wani masanin aikin jikin ɗan Adam daga Amurka, mai suna Ancel Keys, ya ziyarci birnin Napoli da ke kudancin Italiya tare da matarsa Margaret, bayan ya ji cewa ciwon zuciya bai cika kama leburori da ƙananan ma'aikatan garin ba. Da suka auna jinin mutanen, sai suka tarar kitsen da ke cikinsa bai kai na Amurkawa ba, bai kuma kai na attajiran Napoli ɗin ba. Abin da talakawan suke ci bai wuce miyar kayan lambu, da taliya da tumatir, da wake, da burodi, da ganye mai yawa, da 'ya'yan itace ba, nama ko kifi kuwa sai jefi-jefi a cikin mako. Daga nan Keys ya jagoranci wani babban bincike kan alaƙar abinci da ciwon zuciya a ƙasashe bakwai, wanda aka fara a 1958, ya kuma gina gida a ƙauyen Pioppi da ke gaɓar teku a kudu da Napoli, inda ya yi shekaru masu yawa. Ya rasu a 2004 yana da shekara 100. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin abincin yankin Bahar Rum, wanda kudancin Italiya ke cikinsa, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da ya dace a ɗauka daga wannan tsari shi ne ma'auni, da yadda ake jera abincin, da lokacin cinsa. Ba sai an je babban kanti an kwaso kayan gwangwani masu tsada da aka shigo da su daga Turai ba, domin asalin abin ma na marasa hali ne, har Italiyawa suna kiransa cucina povera, wato girkin talauci.

A fara da taliya, tunda ita muka fi sani. Tarihinta a Italiya ma ya haɗu da na Musulmi, domin masanin ƙasa al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu, ya bayyana cewa a garin Trabia da ke kusa da Palermo a tsibirin Sisili ana yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Italiyawa suna cin taliya kusan kullum, amma da awo suke cinta. Rabon babban mutum guda giram 80 ne zuwa 100 na busasshiya, wato ƙullin nan na giram 500 da ake sayarwa a shago ya ishi mutum biyar ko shida. A gidaje da yawa a wajenmu mutum biyu ne ke tashi da ƙulli guda, kuma a nan bambancin ya fara. Wanda ba shi da sikeli sai ya raba ƙullin gida biyar tun kafin ya ɗora tukunya, ya dafa adadin masu ci kawai, domin abin da aka riga aka dafa aka ajiye a gaban mutum da wuya ya tashi ya bar shi.

Dafawar ma tana da ƙa'ida. Ana zuba ruwa mai yawa, kamar lita guda ga kowane giram 100, a bari ya tafasa sosai kafin a saka taliyar, kuma ba a zuba mai a cikin ruwan. Ana sauke ta tun tana da ɗan ƙarfi a tsakiya, yadda idan aka ciza za a ji ta ɗan tokari haƙori, abin da suke kira al dente. Wannan ba iyayi ba ne, domin taliyar da ta dahu ta yi luguf jiki yana saurin narkar da ita, sukarin jini ya hau da sauri, yunwa kuma ta dawo da wuri, ita kuwa mai ɗan ƙarfi a hankali take narkewa. Minti ɗaya ko biyu kafin lokacin da aka rubuta a jikin ledar ya cika, sai a ɗebo sili guda a ciza a gani. Idan ta yi, a ɗebi ludayi guda na ruwan dahuwar a ajiye a gefe, a tsane sauran a kwando ba tare da an ɗauraye ta da ruwan sanyi ba.

Miyar da ke tafiya da ita ta fi komai sauƙi, kuma a nan ne mai girki zai ga yadda ake rage mai ba tare da ɗanɗano ya gudu ba. Domin mutum huɗu, ana zuba cokalin cin abinci biyu ko uku na mai a kasko, a jefa tafarnuwa ƙwaya biyu da aka ɗan daddaƙa, a bar ta a kan wuta kaɗan har ƙamshinta ya tashi ba tare da ta ƙone ba. Sai a zuba nunannen tumatir kamar rabin kilo da aka yayyanka ko aka markaɗa, a sa gishiri kaɗan da barkono, a bar shi ya yi minti 15 zuwa 20 har ruwan ya ja, sannan a yayyaga ganyen ɗoɗɗoya a kai. Daga nan sai a juye taliyar cikin kaskon, a ƙara ɗan ruwan nan da aka ajiye, a yi ta juyawa na minti guda har miyar ta kama jikin kowane sili. Idan aka zuba a faranti bai kamata a ga mai yana kwance a gefe ba. Wanda ya saba da miyar da mai ke yawo a samanta zai ga kamar an yi masa rowa a ranar farko, amma harshe yana sabawa cikin makonni kaɗan, har ya fara jin zaƙin tumatirin da a da mai da dunƙulen ɗanɗano suke dannewa.

Bayan taliya, babban ginshiƙin girkin shi ne wake da danginsa, waɗanda Italiyawa suke wa laƙabi da naman talaka. Kusan kowane yanki yana da tasa hanyar haɗa wake da hatsi. Akwai pasta e fagioli, wato taliya da wake, wadda ake ci daga arewa har kudu. A yankin Tuskani akwai ribollita, miya mai kauri ta farin wake da baƙin kabeji da burodin da ya kwana, wadda sunanta ke nufin wadda aka sake tafasawa, domin washegari ake ɗumama ta kamar yadda muke yi wa tuwo. Hikimar wannan haɗi ita ce, sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi yana da giɓi, na cikin wake ma yana da nasa giɓin, amma idan suka haɗu sai kowanne ya cike na ɗan'uwansa. Italiyawan arewa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan darasi, domin a ƙarni na 18 da na 19 manoman yankunan Veneto da Lombardiya sun dogara kusan kacokan a kan polenta, wadda tuwon masara ce ba wani abu ba, sai cutar pellagra ta yi musu mummunan kamu, tana ɓata fata, tana kawo gudawa, tana taɓa hankali, saboda ƙarancin sinadarin niyasin, wato wani nau'in bitamin B. Duk gidan da tuwon masara ne abincinsa safe da dare ya kamata ya riƙa haɗa shi da wake, ko gyaɗa, ko kifi, ko nono.

Ga yadda ake taliya da wake irin tasu. A jiƙa wake kofi guda tun dare, da safe a zubar da ruwan a dafa shi a sabon ruwa har ya yi laushi. A wata tukunyar a yanka albasa guda da karas guda ƙanana-ƙanana, da seleri idan an samu, a soya su sama-sama cikin cokali biyu na mai a kan wuta kaɗan har su yi taushi, sannan a ƙara tumatir biyu. A juye waken da ruwansa a ciki, a ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku a dame shi da bayan ludayi a mayar, domin shi ne zai ba miyar kauri ba tare da an nemi wani abu ba. Sai a kakkarya taliya kamar giram 200 a zuba ta dahu a cikin romon waken, ana juyawa don kada ta kama. Wannan ya ishi mutum huɗu, kuma abin lura shi ne wake da kayan lambu sun fi taliyar yawa a cikin kwanon. Mu ma mun san taliya da wake, mun san garau-garau, illa dai a wajenmu yawanci waken ne ɗan rakiya, sannan a bi shi da mai da yaji ba awo. Gyaran da ake bukata kawai shi ne a juya rabon, a kuma auna man da cokali maimakon a tuttula shi daga bakin kwalba.

Ganye kuwa yana da farantinsa na musamman a teburinsu, wanda suke kira contorno, ba wai ɗan abin da aka barbaɗa don ado ba. A yankin Puglia, can a dunduniyar taswirar ƙasar mai siffar takalmi, abincin da suke alfahari da shi shi ne dafaffen wake da aka dame, a ajiye shi gefe guda da wani ganye mai ɗaci da tsofaffi kan tsinko a gona. Hanyar sarrafa ganyen ɗaya ce kusan ko'ina: a jefa shi cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, a tsane, a juya shi a kasko da ɗan mai da tafarnuwa da barkono, a matsa lemon tsami a kai. Alayyafo da zogale da rama da kabeji duk suna karɓar wannan girki, kuma duk wanda ya iya kwaɗon zogale ya riga ya yi rabin tafiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ban da dankali da rogo da makamantansu, kuma hanya mafi sauƙi ta kaiwa ga wannan adadi ita ce kada a zauna cin abincin rana ko na dare sai da kwanon ganye a gefe.

Suna kuma bin kaka. Matar gida a Italiya takan je kasuwa ta ga abin da ya fito kafin ta yanke shawarar abin da za ta girka, saboda abin da ke cikin lokacinsa ya fi araha, ya fi ɗanɗano. A ƙarshen bazararsu, wajen watan Agusta, iyalai a kudu sukan taru su dafa tumatir su tace su ɗura a kwalabe don amfanin shekara, wasu kuma su tsaga shi su shanya a rana, daidai da kauɗar da muke yi.

Maganar mai tana bukatar a yi ta a fili, domin a nan ake yawan ruɗar mutane. Man zaitun shi ne man girkin kudancin Italiya, kuma mafi kyawunsa shi ne wanda aka tatsa ba tare da zafi ko wani sinadari ba, wanda ake rubuta wa extra vergine a jikin kwalba. Amma ba magani ba ne da za a riƙa kwankwaɗa, domin cokali guda nasa yana ɗauke da kalori kusan 120, daidai da kowane irin mai, kuma wanda ya yawaita shi zai yi ƙiba kamar wanda ya yawaita wani. Amfaninsa yana fitowa ne idan ya maye gurbin kitsen dabba da man da aka daskarar a masana'anta. Yana da tsada a kasuwanninmu, kuma na jabu ya yi yawa, saboda haka a ganina wanda bai da halin saye kada ya tsananta wa kansa. Man gyaɗa mai kyau shi ma yana da kaso mai yawa na irin kitsen da ake yaba wa man zaitun saboda shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rage suya mai nutsewa cikin mai, a daina maimaita suya da mai guda har ya yi baƙi, kuma idan an samu na zaitun a ajiye shi don zubawa ɗanye a kan ganye ko wake bayan an sauke.

Nama a tsohon tsarinsu abin ranar Lahadi ne da ranakun biki. A Napoli akan ɗora miyar nama tun da sassafe ta yi sa'o'i tana dahuwa a hankali, a ci taliya da romonta, sannan a raba naman yanka-yanka. Sauran ranaku kuwa sai ƙwai, ko ƙananan kifayen teku irin su sadin, waɗanda suka fi manyan kifi araha kuma suna da man da ke taimakon zuciya. Cuku ma gogawa ake yi a barbaɗa cokali guda don ɗanɗano. Akwai abubuwa biyu a teburinsu da Musulmi ba ya kusanta, kuma bai yi asarar komai ba ta fuskar lafiya. Na farko shi ne naman alade da suke adanawa da gishiri, irin su salami, wanda ya shiga cikin sarrafaffen naman da cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa yana haddasa kansar hanji. Na biyu shi ne giyar inabi, wadda aka daɗe ana yi wa talla da sunan tana gyara zuciya, alhali hukumar ta fito a 2023 ta ce babu wani adadi na barasa da za a kira marar illa.

Sai kuma tsarin zaman cin abincin kansa. Cikakken abincin rana a Italiya kashi-kashi yake zuwa: a fara da ɗan farantin taliya ko shinkafa ko miya, a biyo da ɗan nama ko kifi tare da ganye, a rufe da 'ya'yan itace. A ranakun aiki mafi yawan mutane kashi ɗaya ko biyu suke ci, cikakken jerin sai Lahadi. Fa'idar wannan jeri ita ce yana tilasta wa mutum ya dakata tsakanin faranti da faranti, kuma saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai cin abinci da gaggawa yakan wuce ƙoshi bai sani ba. A gidan da ake ci a tire guda, inda mai nawa ke tashi da yunwa, ana iya gyara wannan ta hanyar fara kawo kwanon ganye ko wake a ci tare, sannan babban abincin ya biyo, a bar kankana ko gwanda ko lemo zuwa ƙarshe. Lokutan cin ma sanannu ne, na rana wajen ƙarfe 1, na dare wajen ƙarfe 8, kuma manya ba su cika ciye-ciye a tsakani ba. Ban da giyar da aka ambata, abin sha a teburi ruwa ne. Kayan zaƙi irin su kek na ranar biki ne, kofin gahawarsu kuwa ɗan mitsitsi ne da bai wuce kurɓa biyu ba. Sun ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har ta kai a 1986, da aka buɗe reshen McDonald's kusa da dandalin Piazza di Spagna a birnin Rum, mutane suka yi zanga-zanga, kuma daga wannan yunƙuri ne Carlo Petrini ya kafa ƙungiyar Slow Food mai rajin kare girkin gida da cin abinci a natse.

Ba duk abin da Italiyawan yau suke yi ne abin koyi ba. Karin kumallonsu yawanci biskit ne ko burodi mai zaƙi da kofi da madara, kuma kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, idan ba a cika sukari ba, sun fi shi riƙe ciki. Suna kuma cin gishiri fiye da giram 5 a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, saboda haka mai hawan jini ya rage gishirin ruwan taliya, ya kuma tuna cewa dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Abin takaici ma shi ne yankin Kampaniya, inda Napoli da Pioppi suke, yana cikin yankunan da ƙiba ta fi yawa a tsakanin yara a duk faɗin ƙasar, tun da lemon kwalba da kayan ciye-ciye na leda suka samu gindin zama.

Wanda yake son ya fara kada ya birkita ɗakin girkinsa a rana ɗaya, domin iyali za su yi masa tawaye. A makon farko ya isa a auna taliya da shinkafa da mai kawai. A na biyu a ware kwana biyu ko uku da wake zai zama babban abinci, a na uku a shigo da kwanon ganye, sannan a ɗauke lemon kwalba daga wurin cin abinci a bar shi sai an yi baƙi. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ya nemi shawarar likitansa kafin ya sauya rabon abincinsa, musamman idan yana shan magani ko yana allurar insulin.

Abu na ƙarshe ba a cikin tukunya yake ba. A garuruwan Italiya, musamman ƙanana, idan yamma ta yi mutane sukan fito tsofaffi da yara su yi ta kai-da-komo a babban titi ko dandalin gari suna gaisawa suna hira, al'adar da suke kira passeggiata. Ba gudu ake yi ba, ba a kuma sa kayan motsa jiki, tattaki ne kawai a natse. A tsaunukan tsibirin Sardiniya, inda aka san ƙauyukan lardin Nuoro da yawan maza masu kaiwa shekara 100, da yawa daga cikin tsofaffin makiyaya ne da suka yi rayuwarsu suna hawa da sauka a bayan tumaki. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana taimaka wa tsokar jiki ta janye sukari daga cikin jini, saboda haka wanda ya ci abincin dare bayan magariba zai iya takawa da ƙafa zuwa sallar isha'i a masallacin da ya ɗan fi nisa, matan gida kuma su zagaya tsakar gida ko su leƙa maƙwabta kafin a shimfiɗa tabarmar hira.